Wa Ya Ɗinka Maka Hannun Nan?

Jama'a, ku matso kusa, amma don Allah duk wanda ya san Gwaggona kada ya tura mata wannan. Sau shida ina goge farkon labarin nan, yanzu dai na runtse ido na saki, in ya so a yi mini dariya.

A gidanmu Tabarau ake ce mini. Tun ina aji uku nake sa gilashi, kuma ni ce 'yar da in an yi baƙi sai a tsince ta a bayan labule da littafi. Aikina ma a laburare ne. Ina jera littattafai, ina hana mutane surutu da harara, don da baki ba zan iya ba. To ku auna irina a ce wai ta yi saurayi, kuma likita.

Littafi ya zo nema wurinmu, na zaro masa cikin minti biyu. Shi kuma ya yi wata huɗu yana dawo da shi yana sake ara. Ranar da na yi ta maza na ce, "Malam, littafin nan fa shafi tamanin ne," sai ya ce, "Ai ni a hankali nake karatu." Daga nan magana ta ƙullu.

Ranar da ya fara zuwa gidanmu, na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai goma sha biyu a hannu, ɗinkin Babanmu, don shi tela ne. Na tsaya a kicin ina haɗa shayi. Ko da na fito da tire, sai na tarar da layi a falonmu. Mama ta zaro hoton ƙirjinta na shekara tara daga ƙarƙashin katifa. Maƙwabciyarmu ta shigo da kwalbar maganin ido. A kan gaba kuwa ga Gwaggo, yayar Baba, wadda gidanta yana layin bayanmu amma ta fi kujerun falonmu zama a falonmu.

"Likita," in ji Gwaggo, "gwiwar nan in na tashi sai ta ce ƙaras."

"Gwaggo, wannan ba fannina ba ne. Likitan ƙashi ya kamata ya gani."

"To kunnen nan fa da yake mini busa?"

"Shi ma akwai masu shi. Kunne da hanci da maƙogwaro, likitansu ɗaya."

"Hawan jini?"

"Ba fannina ba ne, Gwaggo."

Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta kalle shi sama da ƙasa. "To kai ina ne naka?"

"Fata."

"Fata da me?"

"Fata dai."

"Shekara nawa ka yi kana karatu?"

"Goma sha biyu, in an haɗa da ƙwarewa."

"Shekara goma sha biyu, ɗan nan, ba ka ko shiga cikin mutum ba? Kana nan tsaye a bakin ƙofa?"

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige da tiren. Tun daga ranar sunansa ya zama Ba-Fannina-Ba a gidanmu. Har Mama, da take sonsa, in ta manta sai ta ce, "Tabarau, goge falo, yau Ba-Fannina-Ba zai zo."

Duk wannan abin dariya ne, sai da maganar hannun Baba ta taso.

Shagon Baba a gaban gida yake, ƙofa ɗaya ta raba shi da falo. Shekara arba'in da ɗaya yana yanka yadi a kan tebur guda, har gefen teburin ya yi santsi a daidai inda yake dogara gwiwar hannunsa. Wata safiya na leƙa zan yi masa sallama kafin in tafi aiki, na same shi yana kallon almakashi a ƙasa kamar wanda aka yi wa rashin kunya. Ya ɗauka, ya sa yatsu, ya buɗe, almakashin ya sake sulalewa. A kan tebur ga yadin wani mutum an yanka shi a karkace. Ban taɓa ganin Baba ya yanka karkatacce ba, ko da wasa.

Ashe wata biyar ke nan ƙaramin yatsansa na dama da maƙwabcinsa sun mutu, ba ya jin su. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya fara lotsawa. Ya ɓoye mana, yana cewa sanyi ne. Kuma ku sani, Baba ba ya da wani abu a duniya bayan hannun nan. Ba ya hira a waje, ba ya sauraron rediyo sai yana ɗinki. In aka raba shi da almakashi, an zaunar da shi ke nan.

Kafin mu gama kuka, Gwaggo ta samo likita. Wani asibiti ne a bakin babban titi mai allo kamar ƙofar gari, an jera: tiyatar basir, ƙaba, ido, ƙashi, haihuwa, rage ƙiba, cire haƙori. Ni a raina Likitan Komai na sa masa. Ofishinsa sai ƙamshi, kujera mai juyi, agogon hannu kamar murfin tukunya. Ya riƙe hannun Baba da hagu, yana amsa waya da dama. Ban ƙara masa ba, minti biyu bai cika ba ya saki.

"Jijiya ce ta maƙale a wuyan hannu. Ƙaramin aiki. Alhamis mu buɗe."

Sannan ya juyo ya kalle ni, kallon da ya fi wanda ya yi wa hannun daɗewa. "Wannan 'yarka ce, Baba? Ma sha Allah."

A mota Gwaggo kamar ta yi rawa. "Kun ga likita! Kun ji ya ce ba fannina ba? Ko sau ɗaya? Kuma na bincika, ba shi da mata. Tabarau, in kina da hankali ki goge gilashin nan naki ki ga gabanki."

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Da na koma laburare na sauko da wani ƙaton littafin sassan jiki, wanda ko shekara biyu ba a taɓa ara ba, na bi jijiyoyin hannu da yatsana kamar mai bin taswira. Jijiyar da ke zuwa ƙaramin yatsa ta bayan gwiwar hannu take bi, kuma littafin ya ce a nan ta fi maƙalewa. Da yamma na tattara duk ƙarfin halin da Allah ya ba ni na faɗa a falo. Muryata ta fito kamar ta kyanwar da aka taka.

Gwaggo ta ce, "To, sai a kira littafin ya zo ya yi tiyatar."

Mama ta ce, "Ke dai bar manya su yi magana."

Baba yana zaune, hannun a cinya, ya rufe shi da ɗaya hannun. Litinin ce ranar. Saura kwana uku.

Na shige ɗaki, na zauna a ƙasa tsakanin gado da kantar littattafaina, na ɗauko waya na rubuta wa Ba-Fannina-Ba.

Ni: Sun sa Alhamis. Wuyan hannu zai yanka.

Shi: An yi wa Baba gwajin jijiya?

Ni: An yi masa kallo.

Shi: Waɗanne yatsu ne?

Ni: Ƙaramin da na kusa da shi.

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

Shi: Kada a taɓa hannun nan sai likitan tiyatar hannu ya gani. Ba kowane mai wuƙa ba. Wanda hannu ne aikinsa safe da yamma.

Ni: To wa? Ba ni suna.

Alamar rubutu ta fito ta ɓace har sau uku. Na cire gilashi na goge na mayar, bai gama ba.

Shi: In suna ya fito daga bakina Gwaggo za ta binne shi da ransa. Gobe da safe ki kai Baba sashen gashin ƙashi na babban asibiti. Duk wanda aka yi wa aikin hannu a garin nan, ko wane likita ne ya yi, can ake turo shi motsa yatsu. Ku zauna. Ku tambayi masu hannun.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, mutumin nan ko suna ma ba fanninsa ba ne. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin ya yi kama da wata magana da na tashi ina ji. Duk wanda ya zo shagon Baba yana yabon wani tela, Baba ba ya musu. Sai dai ya ce a ba shi rigar, ya juya ta ciki waje, ya bi ɗinkin da farce. Yakan ce gaban riga na mai riga ne, cikinta ne na tela.

Na same shi a shago yana ninke yadin da ya ɓata. Na ce, "Baba, ka ga allon Likitan Komai. Ka ga cikin ɗinkinsa?"

Ya ajiye yadin. Sannan ya ce, "Ƙarfe nawa ake buɗe wurin?"

Sashen gashi wani dogon ɗaki ne mai benci huɗu da fanka ɗaya mai kuka. Mutane zaune, wani yana matsa ƙwallon roba, wata tana tsintar maɓallai daga faranti zuwa kofi, wani an ɗaure masa hannu da roba mai kama da rabin takalmi. Ni niyyata mu zauna a lungu in saurara, in rubuta a ɗan littafina. Baba kuwa, da tef ɗin awonsa a wuya kamar kullum, ko zama bai yi ba. Ya nufi wani kafinta, ya yi masa sannu da jiki, ya ce, "Ɗan'uwa, ara mini hannun nan in gani. Wa ya ɗinka maka?"

Na ce a hankali, "Baba, ba a haka fa."

Ina! Ya riga ya juya hannun mutumin yana bin tabo da farcen hagu. "Kai, wannan ya ja zare da yawa, duba yadda ya tattare." Ya matsa wurin wata malamar makaranta. "Wannan ba laifi, amma sauri yake yi, ga inda ya tsallake." Ya kama na wani direba, ya saki, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, wannan ɗinkin buhu ne." Ɗakin ya kwashe da dariya, har direban. Kafin minti goma mutane sun fara miƙo hannu da kansu. "Tela, zo ka ga nawa!" Ni ina biye da shi, fuskata kamar garwashi, ina rubuta wa ya ɗinka wa wa.

Ma'aikaciyar gashin, wata dattijuwa mai farar riga, ta fito ta riƙe ƙugu. "Baba, ka buɗe mini kasuwa a ɗaki. Kuma bari in gaya maka, kyan tabo ba shi ne aiki ba. Jijiya a ciki take."

"Na sani, 'yar'uwa," in ji Baba. "Riga ma ba don a rataye ake ɗinka ta ba."

Ya zaro allura daga gefen hularsa, ya ajiye a kan benci. "Kowa ya ɗauka mini da hannun da aka yi wa aiki."

Sai aka fara gwadawa. Kafinta ya yi ta dangwala, allura tana gudu. Direba ko kusa. Malamar ta ɗauka da ƙyar. Can wani bakanike mai ƙiba da ke ƙarshen benci ya miƙo yatsu biyu, ya tsince ta caraf kamar kaza ta ga tsaba, ya miƙa wa Baba. Baba ya kama hannunsa. A wuyan hannun akwai wani tabo mai kauri kamar tsutsa ta kwanta.

"Da wannan ɗinkin ka ɗauki allura?"

"A'a, Tela, wannan na mai ƙaton allon nan ne na bakin titi. Wata bakwai na yi bayansa, sifana ma faɗuwa take daga hannuna. Ga wanda ya yi aiki." Ya naɗe hannun riga, ya nuna gwiwar hannu. Sai da Baba ya kai ido kusa sannan ya ga layin, siriri, miƙaƙƙe, kamar an ja da alli an goge.

"Waɗanne yatsu ne suka mutu maka?" Wannan ni ce na tambaya, kuma ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Ya ɗaga ƙaramin da maƙwabcinsa.

Baba ya zauna a benci. Ya daɗe yana shafa tabon nan kamar mai taɓa yadi mai tsada. "Wa ya yi wannan?"

"Gajeriya," in ji bakanike. Malamar ta ce ita ma ƙanwarta Gajeriya ce ta yi mata. Wani daga baya ya ce, "Mai farin takalmin nan." Hannu tara na rubuta a ranar, huɗu suka ɗauki allura ba gardama, uku a ciki na Gajeriya ne.

Na matsa wurin dattijuwar na tambaye ta. Ta ce, "Mu ba a ba mu izinin cewa wane ya fi wane ba." Ta gyara farantin maɓallai, ba ta kalle ni ba. "Amma da hannun ubana ne, da na san Laraba take ganin marasa lafiya, kuma sai da takardar turowa daga wani likita."

A hanya na buɗe rajistar likitoci a waya, na sa ainihin sunanta da bakaniken ya ba ni. Gajeriya tana ciki, ga fanninta a rubuce gaban sunanta, tiyatar hannu. Likitan Komai ma yana ciki, likita ne ba ƙarya, amma gaban sunansa wayam, babu fanni ko ɗaya. Na shiga gida ina jin kaina kamar jarumar littafi.

Minti biyar jarumtar ta yi. Gwaggo ta ce in nuna mata hoton matar. Ta karɓi waya, ta nesanta ta da ido, ta matso da ita, sai ta saki wata guɗa marar daɗi.

"Ayyiriri! Ashe nan aka nufa! Tabarau, kin san wace ce wannan? Ita ce wadda Ba-Fannina-Ba ya kusa aura. Saura wata biyu biki ta ce ta fasa. Kina tsammani ban bincika shi ba? Na ajiye maganar ne sai ranar da za ta yi amfani." Ta juya ga Baba. "Ka ji fa. Ka miƙa hannunka ga matar da 'yarka ta gaje wa saurayi. Ta riƙe wuƙa, kai kana barci!"

Ban tsaya jin sauran ba. Na koma lunguna tsakanin gado da kanta.

Ni: Gajeriya.

Shi: Kun same ta.

Ni: Ka san ita za mu samu.

Shi: Na sani.

Ni: Ka bar ni ina bin mutane da littafi kamar mai ƙidaya.

Shi: Da ni na faɗi sunanta, da kin kwana kina tunanin me ya sa na faɗa. Babu wanda ya kai ta a hannu a garin nan. Barina da ta yi bai rage mata ko ɗinki ɗaya ba.

Ni: Me ya sa ta bar ka? Kuma wallahi kada ka ce ba fanninka ba ne.

Ya yi rubutu, ya goge. Abin da ya iso daga ƙarshe hoton takardar turowa ne, da sa hannunsa, da cewa ya bar ta wurin mai gadin laburare.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kada a tura wa Gwaggo. Jama'a, na zauna a ƙasan nan wajen awa guda ina neman hujjar da za a bar Alhamis ta tsaya yadda take. Na ce wa kaina wataƙila bakaniken nan rashin sa'a ya yi. Na ce ai littafi ba likita ba ne. Gaskiyar kuwa ita ce ba na son in tsaya gaban matar da take gyara jijiya da hannunta, ni da aikina buga hatimi a bayan littafi, ta kalle ni ta ce, au, wannan ce? Na san abin kunya ne. Na rubuta ne don na yi alƙawarin ba zan yi muku ƙarya ba.

Ina cikin haka na ji ƙara daga shago. Ƙarfe a kan siminti. Sannan shiru, sannan ƙarar jan kujera, Baba yana sunkuyawa ya ɗauka.

Na miƙe. Na tarar Gwaggo ta bi shi har shagon tana ta zuba. Baba ya ajiye almakashin a tebur, ya ce, "Yaya, ni hannu nake nema, ba suruki ba. Na ga ɗinkin kowa da idona." Ya dube ni. "Ke fa? Za ki iya?"

Na ce, "Ƙarfe bakwai za mu fita, Baba."

Ranar Laraba na canza kaya sau huɗu. Na sa shuɗiya, na ga kamar zan je neman aiki. Na sa mai furanni, na ga kamar labule. Na ƙare a ruwan tokata mai maɓallai goma sha biyu, na ce ko ba komai ɗinkin ba za a kushe shi ba. Gwaggo ta biyo mu, wai za ta sa ido.

Gajeriya gajeriya ce da gaske, kafaɗata ta tsaya. Ba kwalliya, ba agogo, farin takalmi irin na 'yan makaranta. Ta karanta takardar turowa, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta juya wayarta ta kife a tebur, ta jawo kujera ta zauna gab da Baba. Ta sa ya rufe ido tana taɓa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da auduga. Ta sa masa takarda tsakanin yatsu ta ce ya riƙe, ta zare ba wuya. Ta ƙwanƙwasa wuyan hannu, Baba ko gezau. Ta ƙwanƙwasa bayan gwiwar hannu da yatsa ɗaya, sai da Baba ya zabura ya ce, "Kai! Lantarki!"

"Baba, in kana yanka, a ina kake dogara hannun nan?"

"A gefen tebur."

"Shekara nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

"To teburin ya ci bashinsa," ta ce, sannan ta tura mu gwajin jijiya a bene na biyu, ta ce ba ta sa wuƙa a kan zato.

Bayan azahar muka dawo da sakamako. Ta nuna wa Baba layukan da biro. A gwiwar hannu jijiyar ta maƙale, wuyan hannu lafiyarsa ƙalau. Ta ce, "Ba zan yi maka alƙawarin komai zai dawo kamar da ba. Naman da ya lotsa yakan yi jinkirin dawowa. Amma ba ka makara ba, almakashi ina sa rai. Talata mai zuwa, in ka yarda."

Baba ya ce, "Na ga aikinki a hannun wani bakanike. Tazarar ɗinkinki ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Ni sai da na shekara goma kafin in iya haka."

A nan ne ta yi murmushi karo na farko.

Gwaggo, da tun safe take hura hanci a bakin ƙofa, ta ga dai likita likita ce, bai kamata a tashi haka ba. Ta jawo kujera, ta turo ƙafa gaba. "To 'yar nan, tunda ga mu ga ki, gwiwar nan tawa in na tashi sai ta ce ƙaras."

Gajeriya ta leƙa gwiwar daga inda take. "Ayya, Mama. Wannan ba fannina ba ne."

Ban taɓa ganin bakin Gwaggo a buɗe babu magana a ciki ba sai ranar. Baba ya yi dariya har tef ya zame daga wuyansa. Da ya samu numfashi ya ce, "Yaya, ke kika ɗauko na Alhamis, ke za ki mayar da shi."

Muka miƙe. Ina taya Baba gyara hannun riga, sai ya sunkuyo ya raɗa mini a kunne, "Mai irin wannan idon ba ta mayar da yadi haka kawai. Ni na juya nawa. Saura ke ki juya naki likitan."

Kafin in fahimce shi ya ja Gwaggo sun fita. Na juya zan bi su, na ji an ce, "Ke ce Tabarau?"

Na waiwayo. Gajeriya tana riƙe da takardar turowar da yatsu biyu. "Har yanzu rubutunsa kamar tururuwa ta faɗa tawada. Zauna. Minti biyar gare ni kafin na gaba. Tun safe littafin nan naki yake buɗe a shafin da ba komai, kina kallona kina kallonsa. Tambayi abin da za ki tambaya."

Daga baranda ina jiyo muryar Baba, ya samu wani yana ce masa, "Ɗan'uwa, wa ya ɗinka maka?"

Na zauna. Na gyara gilashi, na cire murfin biro, ya faɗi, na bar shi a ƙasa. Na ce, "Likita, ke da kika ga cikin ɗinkinsa, a ina ya warware?"

Ta kalle ni, ta kalli maɓallan hannuna. Sannan ta tashi ta leƙa waje, ta ce wa nas, "Gaya wa na gaba ya ba ni minti ashirin." Ta rufe ƙofa.